Binciken Asalin Gidan Price a Ƙasar Wales

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce muka kama hanya daga unguwarmu Abbey Wood, gari bai gama wayewa ba, ana irin yayyafin nan na London da ba ka jin saukarsa sai ka ga rigarka ta jiƙe. Mu uku ne a motar: ni, da maiɗakina, da wani abokina ɗan zongon Kumasi da ke aikin minicab, wato tasi, a nan, wanda ya ce shi zai ja mu saboda bai taɓa taka Wales ba. Ku da kuka yi ta tambayata a inbox me ya sa na yi shiru kwana biyu, ga amsarku. Binciken asali na je.

Bari in ɗan koma baya don ku gane. Akwai 'yar wana marigayi da ta tashi a hannuna tun tana ƙarama. A gidana ta yi makaranta, yanzu pharmacist ce, mai haɗa magunguna a wani asibiti. Bara ta zo mini da maganar wani yaro Bature ɗan Wales, malamin lissafi a wata makarantar sakandare, wanda ya musulunta tun kafin su haɗu. Yaron ban same shi da aibu ba. Muna haɗuwa a masallaci, liman ma ya yi masa kyakkyawar shaida. Sai dai ba ni ne mai bayar da aurenta ba. Babban yayanmu da ke Katsina shi ne uba a gare mu duka, kuma shi ba ya bayar da 'ya sai ya san gidan da za ta shiga.

Da na faɗa masa sunan gidansu yaron Price, sai ya sa ɗansa ya fassara masa. Aka ce masa farashi. Washegari na tashi na tarar da saƙon murya mai tsawo. “Wane irin gida ne ake ce wa Farashi?” in ji shi. “Ko kakansu aka saya a kasuwa aka bar masa sunan?” Na yi dariya har na ƙware, amma da na sake saurara na gane Yaya ba wasa yake ba. Ya ce ba zai ce komai ba sai wani daga cikinmu ya je ya ga gidan da idonsa, ya ga iyayen, ya ji daga ina sunan ya fito.

Ni kuma nawa tsoron daban ne, ban faɗa wa Yaya ba. Tun da aka fara maganar nan uwar yaron ta kira mu a waya sau da dama, amma uban bai taɓa cewa uffan ba. Bai zo London ba, bai kira ba, ko gaisuwa bai aiko ba. In na tambayi yaron sai ya ce babansa ba mai yawan magana ba ne. Na daɗe a ƙasar nan, na ga yaran da suka musulunta iyaye suka rufe musu ƙofa, na kuma ga yadda matansu ke zama a tsakiya ba nan ba can. Ita kuma yarinyar ta riga ta faɗa mini matsayinta, da irin Hausar yaranmu na nan mai haɗe da Turanci: “Baffa, I won't do it without you. Amma kar ka ce in auri wani.” Da wannan nauyin na shiga mota. Yaron shi ya riga mu tafiya a jirgin ƙasa, tunda makarantu na hutu.

Abokina ya ce da sassafen Asabar babu dalilin zagaye ta M25, babbar hanyar da ta kewaye London, sai ya ratsa da mu cikin gari. Muka bi ta Woolwich da Greenwich, muka wuce Peckham shaguna duk a rufe, sai masu shara da wani mutum da ke sauke buhunan doya a bakin Rye Lane. Can maiɗakina ta je ranar Alhamis ta haɗo tsarabar da muka ɗauka: goro fari da ja, dabino, turaren wuta, da turmin atamfa biyu. Abokina ya san inda kowace kyamara take a titin London kamar shi ya kafa su. Yana tuƙi yana ba mu labarin fasinjojinsa, ni ina amsawa da ka, hankalina na wani wuri.

Da muka hau M4, babbar hanyar da ta nufi Wales, rana ta ɗan leƙo. Bayan Reading muka tsaya a wani services, wato zangon matafiya na bakin hanya, don a huta. Na je sayen shayi, da na ga kuɗin kofi ɗaya sai na tuna mai shayin bakin layinmu a Katsina, wanda da wannan kuɗin zai shayar da duk wanda ke zaune a bencinsa har da ƙwai. Na dawo hannu rabbana. Maiɗakina ta buɗe but ɗin motar ta fito da filas ɗin kunun gyaɗa da waina da ta soya tun kafin asuba. A tsaye muka ci a wurin ajiye motoci, iska na kaɗa mana riguna, wani Bature mai babbar mota yana kallonmu kamar zai ce a ɗan sam masa.

Shiga Wales ta wannan hanyar sai an haye wata doguwar gada a kan kogin Severn. Ruwan ja-ja ne kamar na gulbi a tsakiyar damina, faɗinsa kuwa har ido ya gaji. Abokina ya ce da can biya ake yi kafin a haye, yanzu an daina. Kana sauka daga gadar allunan hanya suke canzawa, kowane rubutu sau biyu, na yarensu da na Turanci. Yaren nasu in ka gan shi a rubuce sai ka rantse an manta da wasula. Kalma ɗaya na haddace, ARAF, da suke rubutawa da farin fenti a kan kwalta kafin kowace kwana, wato a rage gudu. Abokina ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin inda titi ke kiran Arafa ba, lallai tafiyar nan mai albarka ce.

Muka wuce Cardiff daga nesa, muka wuce wata katafariyar masana'antar ƙarfe a bakin teku, muka wuce Swansea. Daga nan babbar hanya ta ƙare, muka nausa arewa cikin tuddai. Jama'a, ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Ko'ina ciyawa, ko'ina tumaki, kowace da tabon fenti a gadon baya, shuɗi ko ja, shaidar mai ita. Gefen hanya furanni rawaya sun yi layi kamar an shuka su don baƙi. Hanyar kuma sai ƙara tsukewa take, shingen ƙaya dama da hagu sun fi motar tsayi, har ta kai mota ɗaya ce kawai za ta iya bi. Muka yi kiciɓis da tarakta a wata kwana. Abokina, mutumin da ba ya ja wa bas baya a titin Old Kent Road na London, shi ne ya yi ribas mai nisa yana salati, mai taraktar ya ɗaga mana yatsa ɗaya ya wuce.

Can network ya ɗauke. Na'urar nuna hanya ta ce mun iso, alhali muna tsaye gaban wata ƙofar gona babu gida ko ɗaya. Muka koma wani ɗan ƙauye da muka baro, na shiga shagon da ke haɗe da gidan waya na tambayi matar da ke ciki gidan su Price. Ta dube ni ta yi murmushi ta ce wanne? A kwarin nan kaɗai, in ji ta, Price sun fi a ƙirga, kuma yawancinsu ba 'yan'uwa ba ne. Akwai Price mai gareji, akwai Price mai madara, akwai na kan tudu, akwai na bakin gada. Su ba sa kiran mutum da sunan gidansu, da sunan gonarsa suke kiransa ko sana'arsa. Na ce mata wanda ɗansa ke koyarwa a London. Nan take ta gane, ta fito har waje ta nuna mana hanya, ta ƙara da cewa ai duk ƙauyen an san muna zuwa. Ban san ko in ji daɗi ko in ji tsoro ba.

Gidan na dutse ne, an shafe shi da farin fenti, yana maƙale a gefen tudu, rafi na gudu a ƙasansa. Yaron ya fito da gudu ya riƙe wani kare baƙi da fari da ya nufo mu, don maiɗakina ta riga ta koma cikin mota ta kulle. Uwarsa, wata gajeriyar mata mai fara'a, ta rungume maiɗakina kamar sun shekara da sanin juna. A kicin aka zaunar da mu kusa da murhu, inda wata tsohuwa ke zaune a kujera da bargo a cinya. Ita ce kakar yaron ta wajen uba, suna kiranta Mam-gu, wato kaka da yarensu. Aka kawo shayi da wani burodi mai zabibi da aka shafa wa man shanu. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka yi maganar ruwan sama.

Uban dai babu shi.

Muka sha shayi, aka ƙara. Muka yi alwala muka yi azahar a falo, inda yaron ya riga ya shimfiɗa mana darduma. Muka dawo muka zauna. Uwar sai leƙa taga take, yaron ya fita ya dawo ya sake fita. Maiɗakina ta matso ta ce mini da Hausa a hankali, ka ga abin da muke gudu ko. Ni kuwa na riga na fara tsara yadda zan faɗa wa Yaya, da yadda zan kalli yarinyar in na koma. Mutum ya san baƙi sun taho tun daga London saboda ɗansa, ya ƙi fitowa, ai ya gama magana.

Daga ƙarshe na ga zaman ba zai kai mu ko'ina ba. Na kira yaron gefe na ce ya faɗa mini gaskiya, babansa ba ya son ganinmu ne? Fuskarsa ta yi ja. Ya ce babansa na rumfar tumaki tun da duhu, lokacin haihuwarsu ne, kuma wata tunkiya ta kasa haihuwa, in ya bar ta za ta mutu. Shi ya ji kunyar ya ce wa surukai tunkiya ce ta hana a tarbe su. Na ce kai ni wurinsa. Aka ba ni aron takalman roba masu tsayi, na zura su a ƙarƙashin farar shaddata da aka yi wa guga na musamman saboda wannan rana.

Rumfar doguwa ce, an kasa ta ƙananan garke da katako, ko'ina kukan 'yan raguna, ga warin da ban shaƙa ba tun ina yaro ina yi wa tumakin mahaifiyarmu ciyawa. A can ƙarshe na hango wani dogon mutum mai furfura a durƙushe cikin harawa, hannunsa ɗaya har gwiwa a cikin tunkiya. Bai ɗago ba, bai yi sallama ba. Abin da ya fara ce mini a duniya shi ne in riƙe mata kai. Na durƙusa na riƙe. Tagwaye ne suka sarƙe, ƙafar wannan ta biyo kan wancan. Ya daɗe yana lalube, idonsa a rufe, yana yi wa tunkiyar magana da yarensu. Na farko ya fito yana motsi. Na biyu ya fito shiru, kamar tsumma. Ya share masa baki, ya murza shi da harawa, ya sa masa tsinke a hanci. Ni dai na sami kaina ina addu'a a kan ɗan tunkiyar da ba nawa ba. Can sai ya yi atishawa ya girgiza kai.

Sai a lokacin mutumin ya dube ni, ya dubi shaddata da ta koma wata kala, ya ce in yi haƙuri ba zai iya ba ni hannu ba. Ya tambaye ni a ina na koyi riƙe tunkiya. Na ba shi labarin gidanmu. Ya tura ɗansa ya kai wa matan gida labari, mu biyu muka zauna a kan damin harawa muna kallon uwar na lasar 'ya'yanta.

A nan muka yi maganar da na zo dominta. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, da ɗansa ya canza addini bai ji daɗi ba, har yau ma bai gama fahimta ba, kuma Mam-gu ta yi kuka don ita ba ta fashin zuwa coci. Amma ya lura yaron ya daina shan giya, yana kiran uwarsa kullum, ya fi da natsuwa. Abin da ya fi ci masa rai tun kafin maganar addini shi ne tafiyar yaron London. Shi kaɗai ne ɗansa namiji, gonar kuma ta daɗe a hannun gidansu. Bai kira mu ba saboda bai san abin da ake ce wa mutane irinmu a waya ba, yana tsoron ya faɗi abin da zai ɓata wa ɗansa lamari. Yarinyar kuwa ya ga hotonta, sun gaisa sau ɗaya a wayar uwar, ya ce da gani tana da hankali.

Sannan ya ce, “Tsorona ɗaya ne. Jikokina su tashi a London, ba su san wurin nan ba, ba su jin yarenmu. In yi musu magana su amsa mini da Turanci.”

Na ce masa, “Nawa 'ya'yan haka suke yi mini.”

Ya kalle ni, na kalle shi, sai muka fashe da dariya mu biyu. 

Da muka koma gida maiɗakina ta ga rigata ta riƙe baki, amma da ta ga fuskata ta gane komai. Aka zuba abinci. Wata miya ce ta naman rago da dankali da karas da wani ganye ɗan'uwan albasa, ana ci da burodi da cuku. Uwar ta yi saurin faɗa mana cewa har Swansea ta je wurin mahauci Musulmi ta sayo naman, ga tumaki cike da tudu a bayan gidanta. Uban kuwa ashe ya fi ni sanin lokacin Babbar Sallah, don ita ke ɗaga kasuwar tumaki a wurinsu. Ya ce waɗanda ake haifa yanzu ba za su isa layya bana ba. Muka fito da tsaraba. Ya gutsiri goro, ya tauna, fuskarsa ta tattare, ya haɗiye don kunya. Mam-gu kuwa ta cinye nata ta ce a ajiye mata wani.

A nan na kawo maganar sunan, na faɗa musu yadda aka fassara wa Yaya. Suka yi dariya har uwar na share hawaye. Mam-gu ce ba ta yi ba. Ta gyara zama ta ce tambaya ce mai kyau, mutumin da ya yi ta ya san abin da yake yi.

Ta ce a da can mutanen Wales ba su da sunan gida ko kaɗan. Mutum sunansa ne da na ubansa, a tsakiya a sa ap, wato ɗan wane. Mace kuma a sa wata kalma mai nufin 'yar wane. Wanda ya san asalinsa zai jero maka: wane ɗan wane ɗan wane, har inda numfashinsa ya kai, kuma da wannan jerin ake sanin wa ke da gadon wace gona. Rhys sunan maza ne tsoho a ƙasarsu, sarakunansu na da sun yi shi, ma'anarsa mai himma, mai zafin nama. Ɗan Rhys shi ne ap Rhys. Da ƙasar ta koma ƙarƙashin dokar Ingila, shekaru ɗaruruwa da suka wuce, sai kotuna da masu rubuta haraji suka matsa kowa ya tsaya a kan suna ɗaya da zai bi 'ya'ya da jikoki. Marubutan yawanci ba sa jin yaren. Suka ji ap Rhys da sauri, suka rubuta Prys, daga baya Pryce, daga baya Price, ya zo ya yi kama da kalmar Turanci da ba su haɗa komai ba. Manya masu filaye su suka fara karɓa, mutanen ƙauye irin nasu suka daɗe suna yin yadda suka saba. Haka ɗan Owen ya zama Bowen, ɗan Hywel ya zama Powell. Shi ya sa Price suka yi yawa ba dangi ba: duk wanda sunan ubansa Rhys a lokacin da aka tsayar da suna, shi ke nan ya zama Price. Ita kanta kafin aure Rees take, wato Rhys ɗin ne dai babu ap a gaba.

Abokina ya juyo ya ce mini da Hausarsu ta zongo, “Tsohuwan nan ya san tarihi sosai.” Ni kuwa kaina na tuna. Ranar da aka kai ni firamare, hedimasta ya rubuta mini sunan garinmu a matsayin suna na biyu. Wana marigayi da aka sa a wata makarantar aka rubuta masa sunan mahaifinmu. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma fasfo ɗinmu bai taɓa nuna mun haɗa komai ba, kuma yanzu 'ya'yana da aka haifa a London suna ɗauke da sunan garin da ba su taɓa kwana a cikinsa ba. Na faɗa wa Mam-gu haka, ta ce to ai mun san zancen.

Bayan la'asar na ce sai an kira Yaya. A gidan babu network mai ɗaukar video, sai an hau kan tudu. Uban ya ɗauko Mam-gu a tsohuwar motarsa ta gona, mu muka bi a ƙafa ina haki. A can sama, iska na neman cire mini hula, na samu Yaya yana zaune a ƙofar gida. Na ba shi labari tun daga farko. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce a ba shi tsohuwar. Na riƙe mata wayar, ta jero masa kakannin mijinta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ta ji a bakin surukarta, har ta kai kan Rhys ɗin da sunan ya tsaya a kansa, ta wuce shi zuwa ubansa. Yaya ba ya jin ko kalma ɗaya, amma ya san jerin asali in ya ji shi. Na ga yana gyaɗa kai.

“Ashe Ɗan Risi ne sunan,” in ji shi. “To ai irin namu ne.”

Ya yi sauran tambayoyinsa, irin waɗanda kuka sani, na amsa abin da na gani, ban ɓoye masa cewa mutanen gidan Kirista ne masu riƙo da addininsu ba. Sannan ya ce a nuna masa uban. Dattawan biyu suka tsaya suna kallon juna a waya, babu mai yaren wani. Yaya ya hango tumaki a bayansa, ya ce in tambaye shi guda nawa gare shi. Da na fassara, mutumin ya ɗan sosa kai ya ce a wurinsu ba a yi wa manomi wannan tambayar. Yaya ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba, ya ce haka Fulanin garinmu ke cewa. Daga nan ya gyara murya ya ce Allah ya sanya alheri, su turo magabatansu. Yaron da ke tsaye a gefe bai ji Hausar ba, sai da na ce masa an ba shi. Ya zauna a kan ciyawa jiƙaƙƙiya ya rufe fuska.

Na yi booking ɗin masauki a wani gari kusa, amma suka ce ba inda za mu, dole na kira aka yi cancel. Da safe kafin mu tafi Mam-gu ta sa aka kai mu maƙabartar wata 'yar tsohuwar coci a bakin rafi, inda mijinta yake. Na bi duwatsun ina karantawa, tsofaffin da gansakuka ta cinye an rubuta Pryce, na baya-bayan nan Price, dangi ɗaya a jere. Uban ya yi alkawarin zai zo London da kansa neman auren da zarar tumaki sun gama haihuwa, ya roƙi abokina ya tarbe shi a tasha don shi tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa na London, tsoro take ba shi. Aka cika mana but da ƙwai da zuma da wata waina tasu mai zabibi. Wannan karon ya ba ni hannu, ya daɗe bai saki ba.

Dawowa ta fi tafiya sauƙi, ko da yake mun sha cunkoso kafin mu shiga London. Na yi barci tun daga gadar har Reading, barcin da na yi makonni ban samu ba. Kafin magariba muka iso Abbey Wood. Na shirya jawabi a raina, har na ɗaure fuska don in ɗan ja wa yarinyar rai, ashe maiɗakina ta riga ta tura mata saƙo tun muna kan tudu. Muka tarar ta dafa tuwo da miyar kuka, ta durƙusa ta gaishe mu tana dariya tana hawaye.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai yawa ba ne, amma ya zauna mini. Shirun mutum ba kullum ƙiyayya ba ne, wani kunya ce, wani kuma aiki ne ya riƙe masa hannu. Na tafi ina ganin sharaɗin Yaya wahala ce ta tsofaffi, na dawo ina gode masa, don da waya kaɗai da ban taɓa sanin mutanen nan ba. Suna kuma ba a yanke masa hukunci da yaren da ba nasa ba.

Muna cin tuwo ina ba ta labarin yadda Mam-gu ta jero kakanni, sai yarinyar ta ajiye cokali ta ce, “Baffa, mu namu har ina ka sani?” Na faɗi mahaifinmu, na faɗi kakanmu, na faɗi uban kakanmu. Daga nan na tsaya. Ta ɗauko wayata ta miƙo mini, ta ce in kira Yaya tun bai shiga sallar isha'i ba.